Kurakuran da aka fi yi wajen shirya tiyatar huhu idan rassa sun saɓa wa littafi

Littafin koyon likita ya ce huhun dama sassa uku ne, na hagu biyu, kowane sashe da reshen iskarsa da jijiyoyin jininsa. Haka yake a yawancin mutane. Sai dai duk likitan da ya daɗe yana buɗe ƙirji ya san rassan ba kullum suke bin zane ba, kuma ɓarnar da ake gani a ɗakin tiyata sau da yawa tun a gaban kwamfuta aka shuka ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba wa ƙarin kansar da za a cire ido kawai: girmansa, mazauninsa, ko ya kai kaluluwa, sai a rufe hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka. A nemi hoto mai siraran yanka, kamar milimita 1, wanda aka ɗauka bayan an sa ruwan rini a jijiya, a bi kowane reshe daga tushe har ƙarshe. Manhajar da ke fito da siffar huhu ta kowace fuska tana taimakawa ƙwarai, amma takan ɓatar da ƙaramin reshe, don haka a koma kan ainihin hoton a tabbatar.

Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya su ne suka fi yaudara, kuma a ganina su aka fi raina wa hankali. A hagu, wasu mutane jijiyar sama da ta ƙasa sukan haɗe su shiga zuciya a matsayin jijiya ɗaya. Likita ya zo cire sashen sama, ya ga jijiya mai kauri a inda ya saba, ya ɗora na'urar ɗinki ya datse. Nan take sashen ƙasa ya rasa hanyar fitar jini, ya kumbura, ya yi duhu, aikin sashe ɗaya ya koma gyaran jijiya ko cire huhun hagu baki ɗaya. Maganinsa ba wuya: kada a datse ta sama sai an ga ta ƙasa da ido, an tabbatar kowace da bakinta. A dama kuma jijiyar sashen tsakiya takan sauka cikin ta ƙasa, wanda ya cire sashen ƙasa bai lura ba ya toshe wa na tsakiya hanya. Akwai kuma wata daga bayan sashen sama da ke zagayawa ta bayan reshen iska, daidai inda ake kwashe kaluluwa a ƙasan rabuwar maƙogwaro. Jini ne kawai ke sanar da wanda bai neme ta a hoto ba.

Idan majinyaci ya zo da ciwon huhu mai yawan dawowa a wuri ɗaya a sashen ƙasa, musamman na hagu, a duba ko wani yankin huhun yana shan jini kai tsaye daga babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Irin wannan reshe yakan ɓuya cikin tantanin da ke riƙe ƙasan huhu. In aka yanke shi da ka, yana iya zamewa cikin ciki yana zubar da jini inda hannu ba ya kaiwa.

Hanyar iska tata matsalar ta fi shafar likitan sa barci. Wasu 'yan tsiraru reshen sashen sama na dama daga jikin maƙogwaro yake fita, sama da inda ya rabu biyu. Bututun numfashi da ake zura wa majinyaci a maƙogwaro na iya toshe bakinsa, ko huhun ya ƙi sacewa yadda ake buƙata a lokacin aiki. A gaya wa likitan sa barci tun kafin ranar, a leƙa hanyar iskar da kyamara. Kafin a yanke kowane reshen iska, a matse shi, a hura huhu, a ga sashen da za a bari yana kumbura.

Duk wannan ya ƙara nauyi tun 2022, da binciken Japan mai suna JCOG0802 ya nuna cewa ga kansar da ba ta wuce santimita 2 ba a gefen huhu, cire ƙaramin yanki bai gaza cire sashe duka ba wajen tsawon rai. Rassan ƙananan yankuna sun fi manyan bambanta tsakanin mutum da mutum, kuma a tiyatar ƙananan ramuka da kyamara likita ba ya samun shafa su da yatsa. A rubuta sunan kowane reshen da za a yanke da wanda za a bari, a karanta wa abokan aiki kafin a fara.