Babi na 6: Canza fad ɗin birkin faifai na keke

Darasi na 1

Faifai shi ne zagayayyen ƙarfen nan da ke tsakiyar taya. Fad kuma su ne 'yan abubuwa guda biyu da suke kama faifan ta gefe da gefe in kun matse hannun birki. Ku leƙa ta saman gidan birkin, wato inda fad ɗin suke zaune, da tocila. In kaurin naman fad ɗin, wato ɓangaren da ke gogar faifai ban da ƙarfen bayansa, bai kai milimita 1 ba to ya cinye, kar ku jira sai kun ji ƙarfe na cin ƙarfe.

Darasi na 2

Ku wanke hannu da sabulu tukuna, don maiƙo in ya taɓa fuskar fad shi ke nan ya lalace. Sai ku cire tayar.

To nan fa ku natsu. In birkinku na mai ne, wato wanda mai ke matse shi ba waya ba, KAR KU MATSE HANNUN BIRKI taya tana waje. Akwai fistin biyu a ciki masu turo fad, faifai ne ke tare su, in babu shi sai su yi ta fitowa har su haɗe, wani lokaci ma ɗaya ya zame man ya tsiyaye. Na san hannu ya saba, mutum yana riƙe kan keke sai yatsa ya tafi da kansa, ba laifinku ba ne, a hankali za ku saba. Ku ɗora tsumma a kan hannun birkin don ya tuna muku. Ku faɗa da baki: taya a waje, ba a taɓa birki. Ku sake faɗa.

Yanzu ku zare ƙusar da ta ratsa fad ɗin, wata da filaya ake cire ta wata da alanki (makullin nan mai kusurwa shida). Ku jawo fad biyun tare da siririn sifirin ɗin tsakaninsu, ku duba yadda yake zaune kafin ku raba su. Ku tura fistin ɗin su koma ciki da abin cire taya na roba, ba sukundireba ba.

Har yanzu taya na waje ko? To hannu ya bar birki. Haba jama'a, duk aji sai an samu wanda zai matse wai yana gwadawa, me kake gwadawa malam alhali ba faifai? Ku bari mana.

Ku sa sabbin, ku riƙe su ta gefe, ku mai da ƙusa, ku mai da taya ku ɗaure. Sai YANZU za ku matse, sau da yawa, har hannun ya yi tauri.

Darasi na 3

Faifan ma yana cinyewa. Mafi ƙarancin kaurinsa na rubuce a jikinsa, na Shimano milimita 1.5 ne. In za a canza a bi kibiyar da ke kai, ita ke nuna inda taya ke juyawa.

Darasi na 4

Sabon fad ba ya kamawa sosai da farko. Ku hau a fili, ku yi gudu kaɗan ku rage da birki ba tare da kun tsaya cak ba, kamar sau 20.