Yadda ake cajin batirin injin kwale-kwale na lantarki da gano ciwonsa idan ya fara kasawa

Batiran da sababbin masu injin lantarki suke zubarwa kafin su cika shekara, galibi ba daga kamfani suka zo da ciwo ba. Rabin caji ne yake kashe su, da kuma kwana babu caji. Ɗan injin nan da ake maƙalawa a goshin kwale-kwale ko a bayansa don a lallaɓa zuwa wurin kifi ba tare da ƙara ba, irin na Minn Kota ko MotorGuide, yana zuƙar wuta fiye da yadda girmansa yake nunawa. Mai ƙarfin turawa na fam 55 da yake aiki da bolt 12 yana jan kusan amf 50 idan an sake shi gaba ɗaya. Saboda haka duk fita ɗaya batirin yana dawowa a galabaice, kuma abin da aka yi masa a daren nan shi ne zai yanke tsawon ransa.

Batirin mota dai kada ma ka fara. An yi shi ne da siraran farantan dalma don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku ya tayar da inji, alternato, wato abin da yake caji a mota, ya mayar masa. In ana zuƙe wutarsa sosai kullum, farantan suna zubewa cikin 'yan watanni. Abin da ake nema shi ne batir mai jure dogon zuƙa, irin wanda ake sa wa sola, mai amf-awa 100 ko sama (amf-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake riƙewa). Manyan nan na inbata masu 200 suna yi, amma nauyinsu ya kai na mutum, ga ruwansu yana fantsama idan igiyar ruwa ta ɗaga, don haka a ƙaramin kwale-kwale rufaffen batir ya fi.

Kafin komai ka mallaki mitar auna bolt mai nuna lamba. Ba ta da tsada in aka kwatanta da batir, kuma duk maganar da ke ƙasa da ita ake yi. A batirin dalma na bolt 12 da ya huta, 12.6 zuwa 12.7 shi ne cike, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 kuwa saura kwata kawai. Ka lura da ƙanƙantar tazarar. Wanda ya ga 12.1 ya ce ai batirin bolt 12 ne, yana nan lafiya, ya yaudari kansa. Ƙa'ida ita ce kada a wuce rabi. Ke nan batir mai 100, abin da yake naka a ciki 50 ne: awa biyu da rabi idan injin yana jan amf 20, ƙasa da awa ɗaya idan ka buɗe shi har ƙarshe.

Da ka sauka daga ruwa, ka cire filogin injin ko ka kashe bireka, ka goge saman batirin, ka kai shi caji a ranar. Ba gobe ba, ba sai an sayar da kifi ba. Lokacin da batir yake ba da wuta, wani farin gishiri na dalma yana taruwa a jikin farantansa. In an yi caji da wuri yana narkewa ya koma cikin ruwan. In an bar shi kwanaki, sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe kuma ya daina riƙe wuta har abada. Zafi yana gaggauta wannan, shi ya sa batirin da aka bari cikin kwale-kwale a bakin dam a watan Afrilu yake saurin tsufa.

In batirin mai murafu ne, buɗe su ka leƙa kafin caji. Idan farantan sun fito fili, zuba tataccen ruwa daidai yadda zai rufe su, kada ka cika. Ruwan yana kumbura yayin caji, in ka cika tun farko zai amayo asid a kan katako. Ciko sai bayan an gama. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da ƙarin asid, domin ruwa ne yake ƙonewa ba asid ba. Ka maƙala jan kai a wurin alamar tarawa, baƙi a wurin alamar ɗebewa, sannan ka jona caja da wuta. Wajen cirewa kuma wutar ake fara kashewa. A yi wannan a wuri mai iska, babu sigari, babu murhu kusa, saboda iskar haidurojin da batir yake fitarwa ƙyas ɗaya take jira.

Caja ta kasance mai ba da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girman batirin, wato amf 10 zuwa 20 ga mai 100. Kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Caji hawa uku ne. A hawa na farko caja tana tura duk ƙarfinta, bolt yana hawa a hankali har ya kai 14.4 ko sama kaɗan. A lokacin batirin bai wuce kashi 80 ba. Hawa na biyu shi ne caja ta tsaya a kan wannan bolt ɗin, amf yana sauka sannu sannu daga 10 zuwa 6, zuwa 3, har ya kai wajen 1 ko 2. Wannan yana cin awa uku, huɗu, wani lokaci fiye, kuma shi ne yake narkar da ragowar gishirin nan. Na uku caja ta sauko wajen 13.2 zuwa 13.6 tana riƙe da shi kawai. Sabon shiga yana sa mita a ƙarshen hawan farko, ya ga 14.4, ya ce ya cika har ya yi yawa, ya zare. Ko kuma a ɗauke wuta da tsakar dare, da asuba ya ɗauki batirin haka nan. Kullum ana barin kashi 20 ba a mayar ba, bayan wata biyu batir mai 100 ya koma yana aikin mai 70, mai shi yana zagin wanda ya sayar masa.

Haka nan lambar da za ka gani da zarar ka cire caja ƙarya ce. Ko mataccen batir zai nuna 13 da wani abu a wannan lokacin. Bar shi ya huta awa huɗu aƙalla, in da hali ya kwana, sannan ka auna. In kana sauri, kunna fitila a kansa na minti biyu ko uku, ka kashe, ka jira minti goma. Koriyar fitilar caja ma ba shaida ba ce a cajoji masu araha.

Lissafin lokaci ba shi da wuya. Ka ci amf-awa 50, sai ka mayar da wajen 60, domin wani abu yana tafiya a zafi. Da caja mai amf 10 ka sa ran awa takwas zuwa goma har da hawa na biyu. Faifan sola mai wat 100 yana ba da amf 5 zuwa 6 a rana tsaka, a wuni bai fi ya tara 25 zuwa 30 ba, ke nan ba zai cika batirin a rana ɗaya ba. Mai fita kullum yana buƙatar wat 200 ko fiye, da kantirola mai daidaita caji a tsakanin faifan da batir, da batir biyu yana musanyawa. Ramin bolt 12 da ke jikin ƙananan janareto kuwa babu abin da yake daidaita shi. Ya yi a lokacin matsi, amma gara ka jona cajarka a ramin babbar wutar janareton. Shagon masu caji da tsohuwar taransifoma ma haka: in rufaffen batir ne za su dafa shi ya bushe, kuma ba a iya ƙara masa ruwa. Duk lokacin da jikin batir ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, a tsayar ya huce.

Injin bolt 24 yana aiki da batir biyu da aka jera, tarawar ɗaya a haɗe da ɗebewar ɗayan. Kada ka ɗora cajar bolt 12 a kan bakunan biyu na waje. Ko dai ka yi wa kowanne caji daban, ko ka sayi caja mai reshe biyu. Batiran su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sayen rana ɗaya. Tsoho da sabo in aka haɗa su, tsohon ne yake fara ƙarewa ya ja sabon ƙasa. Kuma kada a saci wutar fitila ko cajin waya daga ɗaya a bar ɗaya.

Mai batirin litiyam irin LiFePO4 dokarsa daban: caja tasa ce ta musamman mai kaiwa 14.2 zuwa 14.6, yana zama wajen 13.3 kusan duk tafiyar, mita ba ta gaya maka abin da ya rage sosai, kuma idan ya ƙare ɗauke wuta yake yi lokaci ɗaya ba gargaɗi.

Idan injin ya fara rauni, kada ka yanke wa batir hukunci tukuna. Sa injin cikin ruwa, ka buɗe shi har ƙarshe, ka auna a kan batirin kansa, sannan ka auna a filogin injin. In bambancin ya wuce rabin bolt, wayarka ce ko mahaɗa. Bi wayar da hannu, inda ka ji ɗumi nan wutar take zubewa. Galibi kan batir ne ya yi farin gari ko kore, ko noti ya saki. Wanke da bekin soda a ruwa, ruwan kanwa ma yana yi, amma kada ya shiga cikin batirin. Kankare har ƙarfe ya yi haske, ɗaure da sifana ba da yatsa ba, shafa basilin a kai. Maƙalan nan masu baki kamar kada na caja ne, ba na inji ba. Wayar kuma ta zama ta tagulla mai kauri, sikwaya milimita 16 (16mm²), da bireka mai amf 60 kusa da batirin ga injin fam 55.

In kuwa a kan batirin ne bolt ya faɗo ƙasa da 11 cikin 'yan mintuna bayan cikakken caji, ya tsufa. In bayan caji da hutu ya tsaya wajen 10.5, gida ɗaya cikin gidaje shida da ke cikin batirin ya mutu, babu gyara. In batirin mai murafu ne, ma'aunin nauyin ruwan batir zai nuna maka wanne ne: lafiyayyen gida cike yana kusa da 1.265, wanda ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da 0.050 shi ne mai laifi. Cajar zamani da ta ƙi farawa sau da yawa ba ta lalace ba, batirin ne ya yi ƙasa har ba ta ganinsa. Haɗa shi gefe da gefe da wani mai kyau, ja da ja, baƙi da baƙi, ka yi caji na rabin awa kana tsaye a wurin, sannan ka cire mai kyan.

Batir lafiya, waya lafiya, amma wuta tana saurin ƙarewa? Cire batir, kwance farfela. Zaren fatsa da guntun taru suna naɗewa a bayanta inda ido ba ya gani, su sa injin ya yi ta wahala yana jan wuta, in sun daɗe kuma su cinye robar da ke hana ruwa shiga. Ka duba ɗan sandan ƙarfen da ke juya farfelar ko ya lanƙwashe. Lokacin da aka daina fita na makonni, a cika batir, a cire wayoyinsa, a ajiye a inuwa, a riƙa aunawa duk wata, a mayar da shi caji da ya sauko 12.4.