Kurakuran da ake ta maimaitawa a gwajin sankarar jini da kifin zebra

Kowace shekara sabbin ɗalibai na zuwa, kowace shekara ɓarnar iri ɗaya ce, kuma zafi ne kan gaba.

A gwajin, ana sa wa 'ya'yan kifin zebra, wani ɗan ƙaramin kifi, ƙwayoyin sankarar mara lafiya, sannan a ba su magani a ga ko zai kashe ƙwayoyin. Kifin zebra a digiri 28 yake walawa, ƙwayoyin sankarar da aka ɗebo daga jinin mutum kuwa 37 suke so. Shi ya sa bayan an yi wa ɗan kifi mai kwana 2 allurar ƙwayoyin ake ajiye shi tsakanin 34 da 35, kowa ya ɗan haƙura. To, a nan Maraɗi zafin Afrilu na haura 40, kuma yawancin akwatunan ɗumi da ake ajiye 'ya'yan kifin a ciki ɗumamawa kaɗai suka iya, ba sa sanyayawa. Wata azahar wuta ta ɗauke mana, ɗakin ya turare. Kafin la'asar 'ya'yan kifin sun yi fari fat, sun lanƙwashe a gindin faranti, tare da jinin mara lafiyan da ba za a sake ɗibar irinsa ba tunda ya riga ya fara shan magani. Har yau abin na ci mini rai.

Na hunturu ya fi wannan haɗari, domin kifin ba ya mutuwa. Dare ya yi sanyi, ƙwayoyin sankara su daina yaɗuwa, ɗalibi ya zo da murnarsa wai magani ya ci. Wane magani? Kai da ba ka duba ma'aunin zafi ba tun jiya! Ni dai nawa ma'aunin cikin ruwan faranti nake tsoma shi, ban yarda da lambar da akwati ke nunawa ba, kuma ba na taɓa jinin mara lafiya sai akwatin yana kan batir.

Sai fentin nan mai ƙyalli da ake rina ƙwayoyin sankarar da shi don a gan su a jikin kifi: yana ci gaba da ƙyalli ko sun mutu, don haka ƙyalli ba shaidar rai ba ce.

Ruwan famfo akwai kulorin, kada ya taɓa kifi kai tsaye. Haske awa 14, duhu awa 10, in ba haka ba ƙwai ya ragu. A riƙa ware rukunin da ba a ba magani ba, don a kwatanta da shi. A gama gwaji cikin kwanakin farko, domin wajen sati 4 zuwa 6 garkuwar jikin kifi ke yin ƙwari ta soma kashe baƙin ƙwayoyi.

Kuma don Allah a daina gaya wa dangin mara lafiya cewa kifi ya zaɓa masa magani. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu suna da takwara a jikin kifin, gaskiya ne, amma shi a ƙoda yake yin jini, mu a ɓargo, kuma a ruwa ake zuba masa maganin. Likita ake kai wa sakamakon, ya haɗa shi da sauran gwaje-gwajen da ke hannunsa.