Kafin ka sayar da tsohuwar na'urar gem ɗinka ta hannu

Salam 'yan uwa, tambayar nan tana ta dawowa, wai a sayar da tsohuwar Switch, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, a ɗauko Switch OLED mai sabon nau'in allo ko a haƙura. To in dai gudu kake nema don Allah riƙe kuɗinka, Switch OLED ta 2021 injinta ɗaya ne da na tsohuwar, gem ɗin da yake maƙale maka a tsohuwar haka zai maƙale a wannan. Abin da aka ƙara shi ne allo ya tashi daga inci 6.2 zuwa 7, kala tana fitowa rangaɗau, baƙi ya zama baƙi wuluk, sai wurin ajiya 64GB maimakon 32. In kullum a talabijin kake bugawa ba wani bambanci da za ka gani.

Steam Deck OLED ta 2023, na'urar gem ta kamfanin Valve, ita ma kusan haka ne in aka kwatanta da Steam Deck ta farko, ƙarfin bai canza sosai ba, amma batirin ya ƙaru daga 40Wh zuwa 50Wh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), ni a ganina mai yawan tafiya wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Canji na gaske Switch 2 ce ta 2025, allo inci 7.9, 256GB, kuma mafi yawan tsofaffin gem suna hawa kanta. Sai dai a kula, tsohon katin microSD ba ya ɗaukar gem a cikinta, dole sai microSD Express, wani nau'in katin ajiya mai sauri, ka sa kuɗinsa a lissafi tun kafin ka biya.