Yadda za ki taimaki yaronki ya yi baki da wuri in kina ɗauke da HIV

'Yar uwa, in an ce miki yaronki bai ɗauka ba, alhamdulillah, amma fa da sauran aiki. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Botswana ya nuna cewa yaran da iyayensu mata ke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko su ba su da ita, wasunsu kan ɗan yi nauyin baki wajen shekara 2. Ba duka ba, kuma ba dolanci ba ne, abu ne da ake gyarawa a cikin gida.

Da farko dai magani. Naki kar ya wuce ko na rana ɗaya. Shi kuma jariri akwai sirof ɗin nevirapine, maganin kare shi daga ɗaukar cutar, da ake ba shi tun daga haihuwa, in ya kai sati 6 a ɗebi jinin dunduniyarsa a gwada, a fara masa Septrin, maganin kare shi daga wasu cututtuka, sai a kuma gwadawa a wata 9, na ƙarshe kuma wata 18 ko bayan yaye. In Allah ya sa an samu yana da ita to kar ki ce sai ya fara ciwo za a fara masa magani, ƙwayar cutar har ƙwaƙwalwa take taɓawa, da wuri ake tare ta.

Na biyu abinci. Nono zalla wata 6, ba ruwa ba rubutu ba jiƙo, ko uwar miji ta yi fushi. Bayan nan kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai, wake, hanta, ɗan garin zogale. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ko wasa ba ya sha'awa balle surutu.

Na uku shi ne wanda ya sa na zauna rubutun nan: ki dinga yi masa magana. Mu nan sai uwa ta goya yaro tun safe har azahar, ta yi shara ta yi wanki ta ɗora tukunya, shi yana baya yana kallon ƙeyarta ba wanda ya ce masa uffan, in ɗan fari ne ma abin ya fi muni don ga kunya, ko sunansa ba a faɗa. Na san wata da sai ta rufe ƙofar ɗaki take yi wa ɗanta wasa kar kishiya ta gani, ni ko na ce mata ci gaba, rufe ƙofar ki yi. Ki sauke shi ki zaunar a gabanki, ido cikin ido. Kina masa wanka ki ce ga ruwa, ga sabulu, ina ƙafa? In ya ce "ba-ba" ki maimaita, sai ki yi shiru ki jira ya mayar miki, wannan jiran shi ne sirrin. Ba sai kin sayi kayan wasa ba, murfin kwano da ludayi sun isa, ki ɓoye ludayin a ƙarƙashin zani ya nemo. Da dare tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko bai gane ba. Waya kuwa ki ɗauke ta, kafin shekara 2 katun ba ya koya wa yaro magana.

Na huɗu ki sa ido. Wajen wata 9 ya kamata ki ji gwaranci, shekara 1 yana waigowa in an kira shi yana nuna abu da yatsa, shekara 2 yana haɗa kalma biyu kamar "Mama zo". Ki tsaya a bayansa ki tafa hannu ki ga ko zai juyo. Kunne mai fitar da ruwa asibiti ake kai shi, yaron da ba ya ji sosai ta ina zai kwaikwaya? Kar ki yarda da zancen "ai babansa ma sai da ya shekara 4", kar kuma a kai shi wajen wanzami wai a yanke linzami. In kuwa ya daina abin da ya riga ya iya, wannan ba ya jiran ranar karɓar magani, gobe da safe ki tafi.

Sai ke kanki. Mai ɓoye magani a ƙasan akwati tana fargabar kar a gani, da ƙyar take samun bakin yi wa yaro dariya. In kin ga kwana da kwanaki ba barci, ba cin abinci, kuka ba dalili, ki faɗa wa nas ɗin da ke ba ki magani, ki tambaye ta ranar da mata irinki ke zama a asibitin, ki je da yaron ma ya samu abokan wasa.