Idan macijinku yana saɓa guntu-guntu

Jama'a, ku samo roba mai murfi, ku huda mata ƙofa daidai jikinsa, ku shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ciki. Ku matse shi sosai, danshi ake so.

Da zarar idanunsa sun yi shuɗi-shuɗi kamar hazo, ku saka masa robar a keji. Bushewar iska ce ke sa tsohuwar fata ta manne. Nawa ya kwana biyu a ciki, saɓar ta fita gaba ɗaya kamar an tuɓe safa.

Ku duba ƙarshen wutsiya, ragowar fata kan shaƙe jini a nan.

Amma in akwai ƙananan ƙwari a jikinsa, ko tsohuwar fatar da ke kan idonsa ta maƙale, wallahi kada ku ɓamɓare da hannu. Sai likitan dabbobi.