Darasi na Bakwai: Idan Fayil Ya Ƙi Sauka

A wannan darasi za mu koyi abin da ake yi idan an je sauke fayil daga intanet a gida ya ƙi sauka, ko ya faro ya tsaya a rabi. Fayil ɗin yana iya zama takardar sakamakon jarrabawar yaro, ko fom ɗin neman aiki, ko karatun wani malami.

Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu yi ta danna maɓallin, mu sake, mu ƙara sakewa. Wannan asara ce. Datar da aka ci ba ta dawowa. Idan fayil mai mega 200 ya yanke a 150, aka gwada shi har sau uku yana yankewa a wuri ɗaya, mega 450 sun tafi, ba a samu komai ba. Don haka kafin ku sake dannawa, ku tsaya ku gano inda matsalar take.

Fayil yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake tarar ruwa a jarka. Idan jarka ba ta cika ba, ko dai an ɗauke ruwan daga can, ko tiyo ya lanƙwashe, ko bakin jarkar ya toshe. Haka nan ma, laifin yana iya zama na data, ko na sabis da rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), ko na wayar kanta, ko na shafin da ake saukewa daga gare shi.

A fara da data

Wannan ne ya fi sauƙin dubawa, kuma shi aka fi mantawa. Tun shekarar 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta mayar da lambobin layuka bai ɗaya. Ko wane layi kuke da shi, *323# zai nuna muku ragowar data, *312# kuma na sayen sabuwa ne. Ku duba abu biyu: nawa ta rage, kuma yaushe wa'adinta zai ƙare. Giga ɗaya kusan mega 1,000 ne, sai ku gwada da girman fayil ɗin.

Akwai datar da ake sayarwa don WhatsApp da Facebook kawai, akwai kuma wadda sai cikin dare take aiki. Mai irin wannan zai ga saƙo yana shigowa lafiya lau, amma shafin makaranta ya ƙi buɗewa, har ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Idan kuma da rauta kuke aiki, layin da ke cikin rautar za a duba, ba na wayarku ba.

Sabis da rauta

Ku buɗe wani shafin daban, misali na labarai. Idan shi ma ya ƙi, to matsalar daga gida take. Ku zare rautar daga wuta, ku ƙirga talatin, ku mayar, ku ba ta minti biyu fitilunta su daidaita. Wannan kaɗai yana warware matsala da yawa.

Inda aka ajiye rauta yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A gidajen cikin birni masu katangar ƙasa mai kauri, rauta tana ƙuryar ɗaka mutum yana zaure, da ƙyar sabis zai kai gare shi. Rufin kwano da bangon siminti su ma suna rage shi. A ɗora ta a sama, kusa da taga, a matso kusa da ita lokacin saukewa. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, kada kuma a ɗora ta kan talabijin. A bazarar Kano zafi yana wuce digiri 40, rautar da ta yi zafi kuwa takan yi nauyi ko ta yi ta kashe kanta.

Sai maganar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka juya zuwa janareto, rauta tana mutuwa ta sake tashi, saukewar kuma ta yanke. Wanda rautarsa ba ta da batiri, gara ya jira lokacin da yake kyautata zaton wutar za ta zauna kafin ya taɓa babban fayil. Haka kuma idan kun fara da wayifai ɗin gida, kada ku ɗauki wayar ku fita ƙofar gida, domin za ta koma kan datar layinku, canjin kuma yakan yanke aikin.

Ga abin da yakan faru a gidaje da yawa bayan sallar isha'i:

"Umma, takardar nan ta ƙi sauka, tun ɗazu take tsayawa."

"Su wa ke kan wayifai ɗin yanzu?"

"Yaya yana kallon ƙwallo, su Auta kuma suna kallon bidiyo."

"Je ki ce wa Yayanku ya yi haƙuri ya ɗan dakata minti goma. Ki karɓe wayar hannun Auta, ki zo nan kusa da taga ki sake gwadawa."

Umma ta yi daidai. Sabis ɗin da ke shigowa gida ɗaya ne, kowa a cikinsa yake ɗiba. Da daddare ma unguwa gaba ɗaya tana kan intanet. Bayan sallar asuba ya fi sauri a wurare da yawa.

Wani lokaci kuma babu abin da ya lalace, haƙuri ne ya gaza. Ana auna saurin intanet da Mbps, kuma 8 daga cikinsu ne ke kawo mega ɗaya a daƙiƙa. Idan saurinku 4 ne, fayil mai mega 300 zai ɗauki minti goma.

Ci gaba daga inda aka tsaya

Wannan shi ne abin da na fi so kowane ɗalibi ya riƙe, domin shi ke tsare kuɗi. A cikin Chrome, manhajar buɗe shafuka, ku taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama, ku zaɓi Downloads. A kwamfuta kuwa a danna Ctrl da J tare. Nan za ku ga fayil ɗin da ya tsaya. Idan akwai kalmar Resume, ko ɗan maɓallin ci gaba, shi za ku taɓa, sai ya ɗora daga inda ya yanke. Ba kowane shafi ne ke yarda da haka ba, amma a gwada tukuna kafin a sake daga farko. A kwamfuta za ku iya ganin fayil mai ƙarewa da .crdownload. Rabin aikin ne, kada ku goge shi sai kun haƙura da ci gaban.

Wayar kanta

Waya takan cika, musamman da bidiyoyin biki da na wa'azi da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Ku shiga Settings, ku nemi Storage, ku ga filin da ya rage, ku goge abin da ba ku buƙata. Katin memori da filasha masu tsarin ajiya da ake kira FAT32 ba sa karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da akwai fili. Ku duba kwanan wata da agogo ma: idan sun karkace, shafuka da yawa ba za su yarda su buɗe ba.

Idan kuwa Chrome ne da kansa ya hana, ya nuna gargaɗi cewa fayil ɗin yana da haɗari, to ku bar shi. Mutane da yawa sun yi kuka saboda manhajar da aka turo musu da sunan tallafi ko rance. Duk shafin da ya ce sai kun saka lambar sirrin katinku na banki, ko lambar da banki ya turo muku a saƙo, kafin ya ba ku fayil, ku rufe shi nan take.

Idan laifin shafin ne

Sauran shafuka suna buɗewa, wannan ɗaya ne ya ƙi? Ku duba lambar da ya nuna. 404 na nufin fayil ɗin ba ya nan, an cire shi ko adireshin ba daidai ba ne. 403 na nufin ba a ba ku izini ba, sau da yawa sai kun sake shiga da sunanku da kalmar sirri. 500 ko 503 kuwa daga can ne, kamar ranar da aka saki sakamakon jarrabawa kowa ya yi caa a kan shafi ɗaya. Nan babu abin da sabuwar data za ta ƙara, sai a jira a dawo. A kula kuma da manyan maɓallai masu ƙyalli da aka rubuta Download a kansu, da yawansu talla ne.

Idan wa'adin fom ya matso, kada ku tsaya ja-in-ja. Ku roƙi maƙwabci mai wani layin daban ya jona muku, ko ku je kafe. Matsalar layi ana kiran kamfanin layin a 300, idan ba a share muku hawaye ba a kai ƙara NCC ta 622. Wayar da ta ƙi sauke komai a kowane sabis ita ce ake kai wa masu gyara, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko a unguwa, tare da rubuta saƙon da take nunawa a takarda.

Aikin gida

Ku danna *323#, ku rubuta ragowar datarku da ranar ƙarewarta a littafinku. Sannan ku lissafa: idan saurin intanet 8 Mbps ne, minti nawa fayil mai mega 120 zai ɗauka? Ku zo da wayoyinku mako mai zuwa, kowa zai buɗe Downloads da hannunsa a aji.